Maganin Kwantar da Hankali Kafin Leƙa Ciki da Na'ura: Bayani ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

 A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani gwaji da sunansa kaɗai yake firgita jama'a, wato leƙa ciki da na'ura ta baki, wanda likitoci ke kira endoskofi, da kuma maganin da ake ba mutum kafin a fara domin ya natsu.

Yawancin masu ciki har su haihu ba za su bukaci wannan gwaji ba. Amma akwai 'yan kaɗan da rayuwarsu da ta abin da ke cikinsu kan rataya a kansa, musamman mai aman jini. Idan irin wannan ta faru ga matar da ke Yasore ko wani ƙauye na ƙananan hukumomin Batsari da Safana, hanyarta ita ce ta fara zuwa asibitin da ke kusa, kamar Babban Asibitin Batsari, daga nan a rubuta mata takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wani lokaci kuma a wuce da ita Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Bayan wannan doguwar tafiya, tambayar da ta fi damun iyali ita ce: shin allurar barcin nan ba za ta taɓa ɗan ba? Tambaya ce mai kyau, kuma za mu amsa ta dalla-dalla.

Mene ne leƙa ciki da na'ura?

Na'urar wata doguwar roba ce mai laushi, tana lanƙwasawa, kaurinta bai wuce na ɗan yatsanki ba. A bakinta akwai fitila da 'yar kyamara. Likita zai zura ta ta baki, ta bi hanyar abinci, ta shiga tumbi, ta leƙa farkon ƙaramin hanji, shi kuma yana kallon komai a allon talabijin. Ba a yanka, ba a ɗinki, kuma babu hasken hoton ƙashi a ciki. Yawanci aikin bai wuce minti 5 zuwa 15.

Ki lura da abubuwa biyu. Na farko, hanyar abinci daban, hanyar numfashi daban. Robar ba ta shiga hanyar numfashi, saboda haka za ki ci gaba da shaƙar iska kamar kullum. Na biyu, tumbi daban, mahaifa daban. A Hausa duka muna ce musu "ciki", shi ya sa wasu ke zaton na'urar za ta je ta taɓa jariri. Babu wata ƙofa tsakanin tumbi da mahaifa. Inda tuwo ke zuwa, nan na'urar ke zuwa.

Gwajin ba sabon abu ba ne. Wani likita mai suna Basil Hirschowitz ne ya fara amfani da irin wannan roba mai lanƙwasawa a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1957, kuma shi ya fara haɗiye ta da kansa kafin ya gwada a kan majinyaci. Ta hanyar tsamo ɗan naman tumbi da wannan na'ura ne wasu likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, wanda muke kira olsa. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005 saboda wannan aiki.

Ban da gani, na'urar tana magani. Idan gyambo ne ke zubar da jini, ana iya yi masa allura ko a matse jijiyar ta cikin robar. Idan jijiyoyin hanyar abinci ne suka kumbura suka fashe, kamar yadda yake faruwa ga mai daɗaɗɗen ciwon hanta, ana iya ɗaure su da 'yan ƙananan zobba na roba, jinin ya tsaya ba tare da an shiga tiyata ba.

Yaushe mai ciki take bukatarsa?

Ƙwannafi da tashin zuciya da aman laulayi abubuwa ne da aka saba da su. Sinadarin jiki mai riƙe ciki yana sassauta murfin da ke tsakanin tumbi da hanyar abinci, sannan idan ciki ya tsufa mahaifa tana tura tumbi sama, sai ruwan tsami ya riƙa tasowa. Wannan ba ya bukatar na'ura. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ki rage yaji da maiƙo, kada ki kwanta da zarar kin gama cin abinci, ki ɗaga matashin kai, ki sha maganin da aka ba ki a wajen awo. Kada ki jiƙa kanwa ki sha don ƙwannafi, domin gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, yana ƙara wa zuciya aiki.

Likita zai yi maganar leƙa ciki ne idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Aman jini, ja ko baƙi mai kama da ƙasa-ƙasa.
2. Bayan gida baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari.
3. Abinci yana tsayawa a ƙirji, ko haɗiya tana zafi sosai.
4. Amai mai tsanani da ya ƙi jin magani da ƙarin ruwa, har jiki yana ramewa.
5. Ciwon saman ciki mai tsanani da ya ƙi sauƙi duk da magani.

Ki sani cewa ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ku a awo su ma suna sa bayan gida ya yi baƙi, amma ba ya danƙo, ba ya irin wancan wari, kuma ba ya zuwa da jiri. Idan kina shakka, ki zo a duba, kada ki daina shan ƙwayar da kanki.

Haka kuma, wani abu da ke yawan jawo gyambo da zubar jini shi ne magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ko wajen masu talla a kasuwa, irin su dikulofinak da ibufurofin da Feldene. Mai ciki ta nisance su. Amma idan likita ne ya rubuta miki ƙaramar asfirin saboda rigakafin jijjiga, ki ci gaba da sha, ki dai faɗa wa mai gwajin.

Me ya sa ake ba da magani kafin a fara?

Gwajin ba shi da zafi irin na yanka, amma yana da takura. Allah ya halicci maƙogwaro da tsaro, duk abin da ya taɓa can ciki sai mutum ya ji yunƙurin amai. Ga kuma iskar da ake hurawa a tumbi don ya buɗe a gani, tana sa kumburin ciki da gyatsa. Idan tsoro ya haɗu da wannan, sai bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, mutum ya riƙa kokawa yana neman fizge robar. Likita ba zai gani da kyau ba, wani lokaci ma sai an sake gwajin wata rana.

Hanyoyi uku ne ake bi don rage wannan.

Ta farko ita ce feshin maƙogwaro kaɗai. Ana fesa wani magani mai suna lidokain a can cikin baki. Yana da ɗaci, kuma cikin 'yan mintoci za ki ji wurin ya mutu, kamar ya kumbura, alhali bai kumbura ba. Idonki biyu, kina jin maganar nas, kina bin umarni. Mutane da yawa suna gama gwajin da wannan kaɗai, kuma ga mai ciki ita ce hanyar da ta fi sauƙin haɗari idan za ta iya jurewa.

Ta biyu ita ce feshi tare da allurar kwantar da hankali ta jijiya. Wannan ba irin barcin tiyata ba ne. Jiki zai saki, ido zai yi nauyi, tsoro zai ragu, amma kina numfashi da kanki, idan an kira sunanki za ki amsa. Da yawa idan sun farfaɗo ba sa tuna abin da ya faru, har su tambaya yaushe za a fara. A wasu asibitoci akan ba manya ƙwaya, yara kuma na ruwa, su sha kamar minti 20 zuwa 30 kafin a shiga. Ga mai ciki an fi son na jijiya, saboda ana ba da shi kaɗan-kaɗan ana kallon yadda jiki ya karɓa, a tsaya da zarar ya isa.

Ta uku ita ce barci mai nauyi a hannun likitan sa barci. Ana yin haka idan aikin zai daɗe, ko jini yana zuba da yawa har ana tsoron ya kwarara huhu. A nan ana iya sa wata roba a hanyar numfashi don kare ta.

Kina da ta cewa a wannan zaɓi. Ki tambayi likita wace hanya ya ga ta dace da ke, da dalilinsa.

Magungunan da sunayensu

Yana da kyau ki san sunayen, domin idan an tambaye ki a wani asibiti ki iya faɗa.

Midazolam yana cikin magungunan da aka fi amfani da su a duniya wajen wannan gwaji tun shekarun 1980. Yana fara aiki cikin 'yan mintoci, yana rage tsoro, yana sa mantuwa, kuma yana barin jiki da wuri. Ba ya kashe zafi. Ga mai ciki ana ba da mafi ƙarancin abin da zai wadatar, kuma ana ƙoƙarin kauce masa a watanni ukun farko.

Dayazefam, wanda aka fi sani da Valium, ya fito tun 1963. Yana daɗewa a jiki, yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri. A shekarun 1970 wasu bincike sun yi zargin yana da alaƙa da tsagewar leɓe da ganda, bincike na baya kuma ba su tabbatar da hakan ba. Abin da aka tabbatar shi ne idan aka ba uwa da yawa dab da haihuwa, jariri kan fito jiki a sake, ba ya kama nono da kyau, numfashinsa da rauni. Shi ya sa ba a zaɓarsa don leƙa cikin mai juna biyu.

Fetidin da fentanil magungunan kashe zafi ne masu ƙarfi. Fetidin mun daɗe muna amfani da shi a ɗakin haihuwa don rage zafin naƙuda, saboda haka an san halinsa ga mai ciki sosai. Dukansu suna iya rage numfashi, musamman idan an haɗa su da midazolam.

Furofofol farin magani ne kamar madara, yana sa barci nan take, yana kuma sakin mutum da wuri. Tazarar da ke tsakanin barci mai sauƙi da tsayawar numfashi ba ta da yawa a wannan magani, don haka likitan sa barci ne ke ba mai ciki shi.

Akwai kuma magungunan karya su. Fulumazenil yana karya ƙarfin midazolam da dayazefam, naloksun kuma yana karya na fetidin da fentanil. Ana ajiye su a kusa don ko-ta-kwana.

To, zai taɓa jaririn?

Gaskiya ita ce kusan duk waɗannan magunguna suna ratsawa zuwa ga jariri, amma kaɗan, kuma na ɗan lokaci. Babban abin da ake tsoro shi ne maganin ya rage numfashin uwa ko ya saukar da jininta, domin jariri da iskar uwarsa yake rayuwa. Idan iskar da ke jininki ta ragu, tasa ma ta ragu. Fiye da rabin matsalolin da ake samu a wannan gwaji, ga kowa ma, daga ɓangaren numfashi da zuciya suke zuwa, kuma suna da alaƙa da maganin kwantar da hankali. Don haka duk tsare-tsaren da ake yi a kan kare numfashinki ne.

Ƙungiyar likitocin leƙa ciki ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji kan mai juna biyu a 2005, ta sabunta su a 2012. Ga muhimman abubuwan da ke ciki:

1. Ba a yi sai da ƙwaƙƙwaran dalili.
2. Idan abin zai iya jira, a bari sai watanni ukun tsakiya, wato daga mako na 14 zuwa na 27. A watannin farko gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, a na ƙarshe kuma ana tsoron tayar da naƙuda.
3. A yi shawara da likitan mata kafin a fara.
4. A ba da mafi ƙarancin magani, a gama da wuri.
5. A kwantar da uwa a gefen hagu, don kada nauyin mahaifa ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya.
6. A saurari bugun zuciyar jariri kafin a fara da kuma bayan an gama.
7. Ba a yi wa wadda faya ta fashe, ko mabiyiya ta ɓalle, ko haihuwa ta zo dab, ko mai jijjigar da ba a shawo kanta ba.

A 2017 an buga wani babban bincike daga ƙasar Suwidin, inda aka bi sawun ciki 3,052 da aka yi wa iyayen leƙa ciki suna da juna biyu. Ba a ga ƙaruwar haihuwar jariri da nakasa ko haihuwar ɗa babu rai ba. An ga ɗan ƙarin haihuwar bakwaini da ƙananan jarirai, masu binciken kuma suka ce bambancin kaɗan ne, kuma mai yiwuwa ciwon da ya kawo uwar ne sanadi. A Disambar 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan amfani da magungunan sa barci a watanni ukun ƙarshe na ciki, amma gargaɗin ya shafi barcin da ya wuce awa 3 ne ko wanda ake maimaitawa. Gwajin da muke magana a kai na 'yan mintoci ne.

Yanzu ki auna ɗaya ɓangaren. Matar da ke aman jini, jininta na raguwa kowane lokaci, kuma da ma yawancin matanmu suna shiga ciki da ƙarancin jini. Idan jini ya yi ƙasa, mahaifa na cikin wuraren da jiki ke fara rage wa rabo don ya ceci ƙwaƙwalwa da zuciya. A irin wannan hali, jinkiri ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba, kuma ba a jiran wani wata, ko cikin na wata 2 ne ko na wata 8.

Kada ki sha naki maganin kafin ki zo

Wasu idan tsoro ya kama su sukan sayi Valium ko wata ƙwayar barci a kemis su sha kafin su shigo. Wannan ganganci ne babba. Likita bai san kin sha ba, zai ƙara nasa a kai, biyun su haɗu su danne numfashi.

Haka nan, idan kin saba shan taramol, ko maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, ko wata ƙwayar barci, ki faɗa wa nas a keɓe. Jikin da ya saba da waɗannan yana karɓar allurar ta wata hanya daban. Ba don a kunyata ki ake tambaya ba, kuma sirrinki amana ne a wurinmu. Ki faɗi jiƙe-jiƙe da tsimi da duk wani maganin gargajiya da kike sha.

Abubuwan da za ki faɗa wa likita

Ki faɗi watannin cikinki, ko da zato kawai kike yi saboda ɓatan wata. Al'adar ɓoye ƙaramin ciki ba ta da wuri a ɗakin gwaji. Sannan ki faɗa idan kina da hawan jini, ciwon zuciya, asma, sikila, ciwon suga, ciwon hanta, farfaɗiya, ko minshari mai ƙarfi da ke sa numfashi ya riƙa yankewa cikin barci. Ki faɗa idan wani magani ya taɓa sa miki ƙaiƙayi ko kumburi, ko kin taɓa samun matsala da allurar barci, ko kina da haƙori mai girgiɗi. Ki zo da katin awonki da duk magungunan da kike sha a cikin kwalayensu.

Shirin zuwa

Dole tumbi ya zama babu komai, don a gani da kyau, kuma don kada abinci ya taso ya shiga huhu. Mai ciki ta fi kowa fuskantar wannan haɗari saboda murfin tumbinta a sake yake. Kada ki ci komai na tsawon awa 6 zuwa 8 kafin gwaji. Fura da nono, koko, kunu da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Ruwa zalla kaɗai za ki iya kurɓa, shi ma ki daina awa 2 kafin lokaci, sai dai idan likita ya ba ki wani umarni. Idan mantuwa ta sa kin ci wani abu, ki faɗi gaskiya, a ɗaga lokacin.

Mai ciwon suga ta tambayi yadda za ta yi da maganinta a ranar, ta nemi a sa ta cikin na farko da safe. Idan lokacin azumi ne, ki yi magana da likita kan ranar da ta dace, ki kuma tambayi malami hukuncin ramuwa.

Ki zo da babban mutum mai hankali da zai mayar da ke gida. Masu zuwa daga nesa, irin Yasore da kewaye, ya fi kyau su kwana a Katsina wajen 'yan uwa kafin ranar da kuma daren da aka yi gwajin. Wadda aka yi wa allura ba ta hawa bayan babur a ranar, domin jiri na iya kwashe ta, kuma bai kamata dare ya yi muku a hanya ba.

Yadda abin yake a ɗakin gwaji

Za a yi miki bayani, ki sa hannu ko ki dangwala a takardar amincewa kafin a ba ki kowane magani, lokacin da hankalinki yake cikakke. Za a auna jininki, a saurari zuciyar jariri. Idan ciki ya wuce mako 24, ana iya ɗaura miki na'urar da ke nuna bugun zuciyarsa da motsin mahaifa. Za a sa 'yar robar allura a jijiyar hannu, a maƙala wani abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke jininki, a sa siririyar robar oksijin a hanci.

Za ki kwanta a gefen hagu. Bayan feshi, za a sa miki wata 'yar roba tsakanin haƙora don kada ki ciji na'urar. Wuri mafi wuya shi ne 'yan daƙiƙun farko, lokacin da robar ke wuce maƙogwaro. Idan likita ya ce ki haɗiye, ki haɗiye kamar lomar tuwo. Daga nan ki riƙa jan numfashi a hankali ta hanci, ki bar yawu ya zuba a kan tawul, kada ki yi ƙoƙarin haɗiye shi. Gyatsa za ta zo, babu kunya a ciki. Nas tana tsaye a kanki har a gama. Ku shirya da ita tun farko cewa idan kin ɗaga hannu, a dakata. Kina iya yin zikirinki a zuci, yana taimakawa wajen natsuwa. Idan kina son ma'aikaciya mace ta kasance tare da ke, ki nema.

Idan an tsami ɗan nama don gwaji, ba za ki ji ba, kuma girmansa bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ana wanke na'urar, a jiƙa ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum.

Bayan an gama

Za ki huta a ɗakin farfaɗowa kamar awa 1, ana duba numfashi da jini, a sake sauraron jariri. Kada ki ci ko ki sha komai sai feshin ya sake ki, wato kimanin awa 1, domin maƙogwaron da ya mutu ba ya hana ruwa shiga hanyar numfashi. Ki fara da kurɓar ruwa, idan ya wuce lafiya ki sha koko ko kunu mai ɗumi. Ɗan kaushin maƙogwaro da kumburin ciki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne.

Idan an yi miki allura, ko kin ji kin warware, maganin bai gama fita ba. Na tsawon awa 24 kada ki yi girki a murhu, kada ki ja ruwa a rijiya, kada ki yi daka ko ki kai niƙa, kada ki goya yaro, kada ki yi tuƙi, kada ki yanke wata shawarar kuɗi ko ciniki. Ki sa wanda ya rako ki ya saurari bayanin likita tare da ke, domin kina iya mantawa, kuma ku karɓi sakamakon a rubuce ki kai wajen awo.

Ga mai shayarwa: ki ba jariri nono dab da shiga. Feshin maƙogwaro ba ya hana shayarwa. Bayan fentanil ko furofofol, da zarar kin farka sarai kina iya ba shi. Bayan midazolam wasu likitoci sukan ce a jira awa 4, musamman idan jaririn bakwaini ne ko sabuwar haihuwa. Fetidin yana daɗewa a jikin jariri, don haka ki faɗa tun farko cewa kina shayarwa a zaɓa miki wani. A daren nan kada ki kwana da jariri a shimfiɗa ɗaya, a ba kakarsa ko wata ta kula da shi.

Alamomin da za su sa ki dawo nan take

Hujewar hanyar abinci ko tumbi abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, bai kai mutum 1 cikin 2,000 ba a gwajin dubawa kawai, amma idan ya faru ba ya jira. Ki garzaya asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne, idan kin ga:

1. Ciwon ƙirji ko ciki mai tsanani da ke ƙaruwa.
2. Zazzaɓi, tari ko wahalar numfashi.
3. Aman jini ko baƙin bayan gida mai danƙo.
4. Ciwon mara mai zuwa yana tafiya, zubar jini ko ruwa ta gaba.
5. Motsin jariri ya ragu ko ya tsaya.
6. Barci mai nauyi da ake kasa tayar da ke.

Kira ga maigida da iyaye

Maigida, idan likita ya ce a leƙa cikin iyalinka, ka zauna ka yi tambaya har ka gamsu, amma kada ka ce sai an koma gida an yi shawara alhali tana zubar da jini. Idan za ka yi tafiya, ka bar izini da kuɗin mota tun ciki yana ƙarami, ka kuma san 'yan uwan da za su iya ba da jini idan an bukata. Inna da Gwaggo, aman jini ga mai ciki ba laulayi ba ne, ba kuma abin jiƙa magani a gida ba ne. Ku taimaka mata da aikin gida a ranar gwaji da washegari, ku ƙarfafa mata zuciya, domin wadda ta shigo da natsuwa ta fi bukatar magani kaɗan.

Duk mai sauran tambaya ta same mu a sashen awon ciki a ranar awonta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za ku haifa. Amin.